Keken Ɗinki

Ran Laraba aka tara su a filin firamare,
yaran da aka ce sun tuba.
Aka jera adduna a kan tabarma,
da kwalaben kodin, da ƙwaya a leda.
Mai hoto ya ce a matso.

Ɗan Ladidi, wanda ya sari Tanimu
a hanyar Gujungu saboda waya,
an ba shi keken ɗinki
da dubu ashirin, wai jari.
Aka yi tafi. Ni ma hannuna ya ɗaga,
sai na tuna, na mayar da shi aljihu.

Tanimu na ɗaka.
Hannun da ke riƙe garma
yau ko ludayin koko sai an tallafa masa.
Tumakina biyu suka tafi asibiti.

Na je sakatariya neman fom ɗin marasa aiki.
Akawu bai ɗago kai ba:
"Baba, yana shaye-shaye?"
Na ce ko taba ba ya sha.
"To ba layinsa ba ne."

Jiya uwarsa ta ninke rigar da addar ta yaga,
ta ce a kai ɗinki.
Tela ɗaya ne a garin nan.