Gahawar Haladu

Haladu ya dawo daga haƙar zinare
bai zo da zinare ba.
Abin da ya zaro daga ƙasan jaka:
wata buta mai wuya kamar na zalɓe
da 'yan kofuna shida, ɗaya da tsaga a baki.

Ya kafa rumfa a gindin tsamiya,
inda hanyar Ringim ke karkata zuwa fadama.
Benci biyu, kurfoti, ɗan turmi,
da kwalin da ya rubuta wa da gawayi: AKWAI GAHAWA.
Mu da muka girma a teburin Tanko,
inda madara ke kauri har cokali ya tsaya,
muka ce sabon salo, kiran salla da usur.

Ran Talata ruwa ya hana mu gona.
Ni da Mati muka fake a rumfarsa,
wai don yayyafi, ba don shi ba.
Bai ce mana komai ba. Ya zuba ƙwaya a kasko,
yana juyawa har ta yi baƙi tana gumi.
Ƙamshin ya so ya zama na gyaɗa, sai ya fasa,
ya zama wani abin da hancina bai san sunansa ba.

Kofin farko baƙi wuluk, ko sukari babu.
Na kurɓa, harshena ya nemi hanyar gida.
Maɗaci ma ɗan'uwa ne!
Na haɗiye don kada Mati ya samu na kaiwa majalisa,
na duba, ashe shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Na biyu da citta da kanumfari.
Wannan ya bi maƙogwaro yana share hanya,
ya sauka a ƙirji ya hura wuta,
sanyin da ke gwiwata tun shuka ya ɗan ja da baya.

Na uku ya ɗiga masa nono,
ya ajiye dabino biyu a gefen faranti.
Ya ce, Baba, ciza, sannan ka kurɓa.
Na ciza. Na kurɓa.
To, a nan muka shirya.

Mati, da bakinsa ba ya zama,
ya miƙa hannu ga kofin nan mai tsaga
ya ce a ƙara masa a ciki.
Haladu ya ɗauke shi, ya goge da gefen riga,
ya mayar bayan buta.
Ya ce, mu shida ne a rami, kowa da nasa.
Wannan na Ilu ne, ɗan Maigatari.
Bai ƙara ba. Mu ma ba mu tambaya ba.
Ruwa yana ta dukan kwano.

Na biya ɗari uku, na taho da taɓo har idon sawu.

Da dare barci ya ce bai san ni ba.
Na juya dama, na juya hagu,
na ji kwaɗin fadama suna ta shari'a,
na ji akuya tana tuƙa a bayan danga,
na ji numfashin Ladiyo kusa da ni,
shekara talatin da ɗaya, ban taɓa tsayawa na saurara ba.
Na lissafa bashin taki, na rasa ƙarshensa,
na koma lissafa waɗanda muka yi kaciya tare.
Mu tara ne. Saura mu huɗu.
Ban san wa ya ajiye kofunan sauran ba.

Ladan ya yi gyaran murya ina ido biyu.
Daga masallaci ban bi ta gida ba.
Tanko ya hango ni, ya ɗaga ludayi,
na ɗaga masa hannu, na wuce kamar mai sauri.
A gindin tsamiya na tarar da Mati,
ido jajir, ya riga ni benci.
Ya ce shi ma wucewa yake yi.