Juya Rigar Ka Ga Ɗinkin

Ni tela ne a Kasuwar Barci,
shekara ashirin da biyu ƙafata na kan keken ɗinki.
Na san "gobe" ciki da bai,
don ni ma na sha sayar da ita a jajibirin Salla.

Ɗana Haliru ya kawo min waya da dare,
ya ce, Baba, karo-karo ake yi,
yaran garin nan za su ƙera gem,
kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa,
in ya fito, da sunanka a ciki.

Biyu ya nuna min.

Na farko Nazifi, ofis a Unguwar Rimi,
kujera mai juyi, shuɗiyar fitila a bayansa.
A bidiyonsa kada ne da sulken zinariya
yana tasowa daga kogi, gada tana girgiza.
Wata uku, in ji shi, duniya za ta ji mu.
Dubu biyar a ba ka takobi,
dubu ashirin a ba ka kadan da ba kowa zai hau ba.
Saura kwana biyu a rufe!
Kwana biyun nan sun yi wata huɗu suna saura.

Na biyu Habila da ƙanwarsa Saratu,
ɗaki ɗaya a Kakuri, bayan masaƙar da ta yi shiru.
Nasu keke napep ne mai kauce wa ramuka
daga Kawo zuwa Sabon Tasha.
Zanen ba kyau, kan direban kamar gwanda.
Suka ce, sauke ka taɓa, bai gama nuna ba.
Haliru ya taɓa. Keken ya hau gada,
ya nutse cikin kwalta kamar ludayi a kunu.
Muka yi dariya har maƙwabci ya buga bango.

Na ba kowanne dubu biyar.
Kuɗin zare ne. Uwar Haliru ba ta sani ba.

Damina ta zo ta wuce.
Nazifi ya saki sabon bidiyo, kadan ya yi fukafukai.
Wani ya tambaya, ina wanda za mu buga?
Kafin gari ya waye tambayar ta ɓace,
mai tambayar ma an toshe shi.
Sai ga sabon karo-karo na kashi na biyu,
alhali na farko ko wuya ba a yanka masa ba.

Saratu kuwa duk Asabar sai ta rubuto:
man janareta kaza, data kaza.
Mai zanenmu ya tafi bautar ƙasa.
Mun ce Agusta, ba za mu iya ba, sai Disamba.
Wanda ya gaji ya turo lambar asusu.
Mutum bakwai suka karɓi kuɗinsu,
bakwai ɗin ma ba ta ɓoye ba.

Haliru ya ce, ai duka biyun sun makara.
Na ce, makara ba ita ce shaida ba.
Na ciro riga daga rataye, na juya cikinta waje.
Surfani a gaba, kowa na iya sa shi walƙiya,
nan ake dubawa, inda zare ya haɗu da zare.
Telan da yadinka ke hannunsa
zai ce, shigo, ga inda na tsaya, saura hannu ɗaya.
Wanda ya cinye kafin alƙalami
a bakin ƙofa yake tare ka,
da fara'a, da hoton rigar wani.

Disamba ma ta wuce. A Janairu keken ya fito.
Har yanzu yakan tuntsure a shatale-talen Kawo,
amma a bayansa, ƙasa da lamba,
an rubuta ƙanana: Ɗanjuma Tela.
Nazifi, an ce filaye yake talla yanzu.

Daren nan na kira Malam Ƙasimu,
wanda babbar rigarsa ke ƙarƙashin teburina tun azumi.
Bakina ya ɗauko "gobe", na haɗiye ta.
Na ce, ban yanka ba, Malam.
Sati biyu, ko ka aiko a karɓi yadinka.