Gorar Bappa Hamajoɗa

An rufe ruwan Lagdo wata uku,
kifi na ƙwai, in ji masu kaki.
Jirage sun kife a bakin gaɓa
kamar ƙoren da aka wanke.

Na sauko da gorar fatsa daga rufin ɗaki.
Gaɓa bakwai gare ta, ta huɗun ta tsage
tun ranar da giwan ruwa
ya ja Bappa har gwiwa cikin laka,
ya tafi da ƙugiya, ya bar masa labari.

Ruwan ɗumi tukuna, da tsumman riga.
Ɓawon karfasa ya bushe a mariƙi,
sai da farce yake fita.
A inuwa na shanya ta.
Rana ba ta raga wa gora.

Kakin zuma na sefa ɗari biyu
ya narke a murfin gwangwani.
Na shafa, na murza, na sake murzawa
har tafina ya ɗau zafi,
na naɗe tsagar da zare,
na ɗaura sabon gashin zabo a ƙugiya.

A mariƙin akwai ɗan kwarmi
inda babban yatsansa ya ci itace.
Nawa bai cika shi ba.

Yana kan tabarma, idanun sun tafi.
Ya ce, "Lanƙwasa ta in ji."
Na lanƙwasa.
Ya karkata kunne, ya daɗe.

"Ta huɗun tana kuka har yanzu.
Ƙara mata kaki."