Jirgin da Ya Iso Ranar Asabar

Dogo bai taɓa zuwa garinmu ba.
A Ƙauran Namoda ya gaji, ya kwanta,
ya bar mu da kwalta da jira.
Shi ya sa ran Asabar, a wani aji a Runjin Sambo,
muka haɗa tebur shida baki da baki,
mu ashirin da 'yan kai,
kowa da jirginsa cikin kwalin taliya.

Malam Arzika aka fara miƙa wa lasifika,
shi da ya tsufa yana sauya wa jirgi layi a Gusau.
An ce minti goma. Ya cinye arba'in.
Kan ma'auni yake magana:
"Kamu guda nan, tahiyar hantsi ta can.
Wanda yay yi tarago ya ɗara tasha tsawo,
ba jirgi yag gina ba, ƙarya yag gina."
Ya dubi Jabbi.
Jabbi ya dubi fanka.

Malama Tumba ta taso, alli har gefen mayafi.
Ta farke cikin tsohuwar rediyo mai kaset,
ta zaro ɗan inji kamar ƙwallon dabino,
ta ɗaga shi sama: ga zuciyar.
Wuta, in ji ta, ta wannan ƙarfe take tafiya,
ta wancan take komowa gida;
ɗaya ya yi tsatsa, zumunci ya yanke.
Na rubuta wannan a bayan takardar taro,
ba don jirgi ba.

Jabbi mai walda bai iya jawabi ba.
Takarda na rawa a hannun da ba ya rawa gaban wuta.
Ya ajiye ta, ya nuna gadarsa,
wayar ƙafar keke ce ya saƙa,
gulbin ƙarƙashinta fasasshen madubi.
"Ku aza bulo," ya ce.
Aka aza. Aka ƙara.
Arzika ya yi gyaran murya, bai sami abin faɗa ba.

Sai gardama ta ɓarke kan kaya,
wasu na albasa, wasu na fatar jar akuya,
wani daga baya yana tambayar kuɗin tikiti.

Ige ce ta ƙarshe, shekararta goma sha biyu.
Kan jirginta gwangwanin madara,
taragu na gwangwanin kifi,
kowace ƙwayar gero buhu ce.
Ta haɗa waya. Ya motsa.
Ya bar Mafara, ya haye gadar Jabbi yana ƙyas-ƙyas,
Tureta, Dange,
muna bin sa da wuya kamar zabi.
A Shuni batir ya mutu.
Saura taƙi ɗaya.

Ba wanda ya yi tari.
Malama Tumba ta ciro batirin, ta gartsa masa cizo, ta mayar.
Arzika ya sa yatsu biyu a baki
ya saki fiton da ya ɓoye tun ritaya,
ɗan gwangwani ya ja jiki, ya ja,
ya tsaya gaban kwalin sukari
da aka rubuta wa SAKKWATO da jan biro.

Muka miƙe, ban san wa ya fara ba.
Tsohon ya duba agogo:
"Ya yi lattin shekara tis'in da 'yan kai.
Amma a rubuta ya iso."

Ana kiran la'asar muna naɗe ƙasar,
gari bayan gari, cikin kwali.
Nawa jirgin ko buɗe shi ban yi ba.
Ige ta manta allon tasha a kan tebur.
Yana aljihuna har yau.