Littafin Awo

Ni tela ce a Jega, bayan tashar mota,
shekara goma sha tara ƙafata na kan keke.
Bokona bai yi nisa ba, amma ina da littafin awo,
littafin awo kuwa ba ya ƙarya.

Shafi na arba'in: Tasalla mai gumin shinkafa.
Ƙaramar Sallah, ƙugu arba'in da biyu,
tana dariya, wai in bar wa tuwo gurbi.
Babbar Sallah, talatin da takwas.
Na ce, "Tasalla, wa ke cinye miki rabo?"
Ta ce zafin murhu ne da ɗaukar buhu.
Da Mauludi, talatin da huɗu.
Na rage riga, na sake ragewa,
na miƙa hannu na karɓi kuɗin ragi.
Kuɗin nan har yau suna ƙona mini tafi.

Ran da na zagaya tef a ƙirjinta
ɗan yatsana ya ci karo da wani abu a hagu,
mai tauri, kamar ƙwallon aduwa a ƙarƙashin tabarma.
Ta ce, "Ai ba ya ciwo."
Na ce, "To, alhamdu lillahi."
Ashe shirun nan shi ne dabararsa.
Gara ba ta sallama.

Sai aka shiga jiƙe-jiƙe.
Wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce iska,
wata gwaggo ta rantse daji ba ya son ƙarfe,
allura ta taɓa shi, zai watsu.
Wata tara ana shafa saiwa.
Fatar ta koma ɓawon lemo,
kan nonon ya nutse ciki,
jini-jini na ɓata rigar da na ɗinka,
hamata ta yi kaluluwa ta ƙi sauka.

Da aka kai ta Birnin Kebbi suka ce Sakkwato.
A Sakkwato likita ya daɗe yana kallon ƙasa,
ya ce, "Ina ma kun zo tun yana ƙwallo."
Ta rasu ana yankan shinkafar rani.
Atamfarta shuɗiya tana nan a kan kanta,
almakashina ya ƙi shigarta.

Na tare Sista Dije a asibiti, na ce ta faɗa mini gaskiya.
Ta ce sankara ba jifa ba ce,
ba a ɗaukarta a kwano ko a zane.
Wata tana bin jini, ku tambayi yadda kakanni suka tafi.
Wata shekaru ne, wata ƙiba da zama wuri ɗaya,
wata taba da barasa,
ta hanta kuma tana son gyaɗa da masara masu fumfuna.
Ta bakin mahaifa tana da allurar rigakafi, tana da gwaji.
Wata kuwa, ta ɗaga kafaɗa,
ko mu ba mu san ta inda ta shigo ba,
abin da muka sani shi ne a zo da wuri.

Yanzu bakina ya fi kekena ƙara.
Duk wadda ta ɗaga hannu in auna ta
sai ta ji: in al'ada ta ɗauke, a banɗaki,
ki shafa da tafin yatsu har cikin hamata.
Kin ji ƙulli? Kin ga jini ba lokacinsa ba?
Miki ya ƙi warkewa, rama babu dalili?
Ajiye kuɗin ɗinkin, ki hau mota.
Wasu sun ce na fiye shisshigi,
biyu sun sauya tela.

Jiya Hajo ta zo, 'yar Tasalla, shekararta goma sha biyu,
da alamar allura a damtse, ni na raka ta.
Na buɗe mata shafi kusa da na uwarta.
Ƙugu ashirin da uku.
Na rubuta da fensir,
na bar fili mai yawa a ƙasa.