Layin Baƙi

Tun la'asar nake Asafo, a shagon Mutawakilu mai ɗab'i,
fanka na nishi, janareto na tari a waje.
Ga Kumasi kwance a fuskar kwamfuta, tsirara,
tituna kamar jijiyoyin bayan hannun kakata,
ko suna ɗaya babu.

Na fara da Kejetiya. Na ba ta haruffa masu ƙiba,
masu kafaɗa irin ta 'yan dako,
don kasuwar da ta fi ƙarfin kunne ba a rubuta ta da raɗa.
Rafin Subin na kishingiɗar masa da nasa,
shuɗaye, suna bin gangare,
ko da yake shuɗin nan kara ce, kowa ya san launin ruwan.

Adum ta so ado, na hana ta.
Harafi mai jela da lanƙwasa a katin biki yake kyau.
Rage shi ya kai ƙwayar gero,
sai ya dunƙule ya koma kashin ƙuda.

Sannan na iso Aboabo, lungunmu.
Na buga Layin Baƙi.
Ƙ ta ƙi fitowa, wani akwati fayau ya tsaya a gurbinta
kamar ɗakin haya da aka kwashe kaya.

Mutawakilu ya ce, "Sa k kawai, wa zai duba?"
Na ce, ni.
Kakana da goro ya sauka nan, baƙo,
da baƙi aka san layin.
Cire ƙugiyar, ka mai da mu Layin Baki,
'yan gulma, a takarda dubu biyu.

Boatemaa na teburin gefe ta tuntsire da dariya:
ɛ da ɔ nata ma haka ake yi musu, a bar su a ƙofa.
Ta miƙo min filashi ɗaure da zare ja.
Rubutun da ke ciki ba kyakkyawa ba ne,
gajere, mai faɗin ƙafa, kamar kujerar tsakar gida,
amma kowa ya sami wurin zama.

Bayan isha na kai wa Baba gwajin farko.
Bai nemi tabarau ba.
Ya nisanta takardar iya tsawon hannu,
yatsa ya bi titi, ya tsallake kwata, ya sha kwana,
ya tsaya.

Ya ce, "Zuwaira, kin matse mu da masallaci.
Ɗan matsa da mu hagu."