Ruwa da Wuta a Ɗaki Guda

Ranar Litinin na sayo ta a babbar kasuwa,
farar tukunya, jika saba'in, ciniki har da rantsuwa.
Kabu-kabu ya kawo mu Bagalam,
ina rungume da ita kamar ragon suna.

Don Inna na saya.
Gwiwoyinta sun daina shiri da ruwan randa.
Kullum asuba ina jin ta tana hura gawayi,
tana tari, tana jiran buta ta yi ɗumi.

Na ce da kaina: waya ce kawai,
ni da nake zura zare a allura cikin duhu?
Illo maƙwabci ya ce: jona ta inda firiji yake,
minti biyar, ka riƙe kuɗinka.
Inna daga kan tabarma ta ce:
araha ba ta ado, a kira mini ƴar Nomau.

Hasiya ta zo da jakar buhu da tsani a kafaɗa.
Ba ta dubi tukunyar ba.
Bango ta fara ƙwanƙwasawa da gindin guduma,
ta ce wannan tubalin ƙasa ne, siminti a fuska,
lita hamsin za ta zazzago shi kan mai wanka.
Muka koma bangon bulo.

Ta kashe wutar gidan tun daga konta,
ta ɗaure makunnin da tsumma, ta ce kowa ya gani.
Duk da haka sai da ta taɓa kowace waya da ɗan gwajinta.
Na ce ai kin kashe.
Ta buɗe tafin hagu, wani tabo fari kamar dala:
wannan ma, an ce mini an kashe.

Wayar da na tanada ta jefar gefe,
siririya ce, ta rediyo.
Ta ja mai kauri, hanyarta daban, makatsinta daban,
irin wanda ke faɗuwa da kansa in wuta ta ɓace hanya.
Makunni kuwa a waje, bayan ƙofa,
inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai ba.

Sai ta miƙo mini diga.
Gindin dogon-yaro na haƙa har gumi ya rufe ido.
Sandar jan ƙarfe muka kafa,
gawayin Inna da gishiri tiya guda, muka zuba ruwa.
Ta ce wuta baƙuwa ce mai fushi,
in ba ka yi mata ƙofa zuwa ƙasa ba,
ta jikin mutum za ta bi.

La'asar ta wuce, hannuna na ƙaiƙayin kunnawa.
Ta ce tsaya, a cika ta tukuna.
Muka buɗe famfo, ya yi atishawa, ya tofa iska,
sannan ruwa ya miƙe.
Ta rage zafin da ɗan juyi kaɗan:
fatar tsohuwa ba ta kaza ba ce da za a fige.
Ga wani ɗan baki a ƙasa yana ɗiga,
ta ce kada wanda ya toshe shi, numfashinta ke nan.

Kuɗin aiki ya kai rabin kuɗin tukunya.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa, na biya.
Illo ya yi dariya ta kan katanga.

Cikin dare aka ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit.
Na kwanta ina cewa an yi asara.
Da asuba ban ji hura gawayi ba,
ban ji tari ba.
Ƙarar ruwa na ji a buta,
da muryar Inna can ƙasa-ƙasa: har yanzu da ɗumi.

Na fita da moɗa
na shayar da sandar da ke gindin dogon-yaro.